Me ke hana mai karatu ajiye labari?

Uwar Biyu: Assalamu alaikum 'yan zaure. Damuwa ce ta kawo ni, kuma na san a nan zan samu mai gaya mini gaskiya ko da ɗaci. Wata biyu ke nan ina sakin labarina a WhatsApp, shafi ɗaya bayan isha'i. Da na fara, sharhi har ba na iya karance shi. Yanzu ina shafi na 34, jiya mutum huɗu ne suka tanka, biyu daga ciki ma "mun gode" kawai suka rubuta. Kuma wallahi ban yi wa labarin rowa ba. An sace amarya a shafi na 6, an zuba wa Alhaji guba a na 13, motar magajinsa ta ƙone a na 21, a na 30 aka gano wasiyyar ta bogi ce. Kowane shafi ina tsinke shi daidai inda wani abu ya fashe. To me ya kori mutane? Abin da ya fi tsaya mini a rai, akwai wata baiwar Allah da muke wani zaure tare, an yi shafi 20 a labarinta ba a ko mari kowa ba, mace ce kawai ta ɓoye wata takarda a ƙasan adaka, amma in ta makara da minti 10 sai ka ga ana ta cigiyarta. Ba hassada nake yi ba, so nake in gane.

Bakatsine: Wa alaikumus salam. Ƙanwata kada ki karaya. Mutanenmu haka suke, su karanta su yi gum, ga tsadar data. Ni a ganina wuta za ki ƙara. Daga shafi na 21 zuwa na 30 tazarar ta yi yawa. Mai karatu a waya yatsansa na kan gilashi, kina yin sanyi ya wuce gaba.

Malamin Hausa: Wa alaikumus salam. Malama, kafin in ce komai ina da tambaya. Amaryar nan da aka sace, me take so a duniya kafin a sace ta?

Uwar Biyu: Malam, yarinya ce kyakkyawa, fara, mai haƙuri da tarbiyya, kuma marainiya. Kowa na sonta in ban da matar kawunta.

Malamin Hausa: Kin gaya mini kamanninta da shaidar da mutane ke yi mata. Ban ji abin da take so ba, ban kuma ji abin da take gudun a sani ba. In na ji a rediyo an sace wata a wani gari, zan yi salati, in yi mata addu'a, in ci gaba da cin tuwona. In aka ce 'yar maƙwabcina ce, wadda ta durƙusa ta gaishe ni da safe za ta Islamiyya, tuwon ba zai haɗiyu ba. Satar ɗaya ce, ni ne na san ɗaya ban san ɗayar ba. Ke kin taɓa yarinyar tun ba mu gama gaisawa da ita ba.

Sannan akwai abu biyu da muke cakuɗawa. Akwai faɗuwar gaba, akwai zulumi. Faɗuwar gaba ta lokaci ɗaya ce, kamar taya ta fashe kusa da kai. Ta farko za ta razana ka, ta biyu ta ɗan taɓa ka, ta biyar ko waiwayawa ba za ka yi ba. Zulumi kuwa kwana ake yi da shi, a tashi da shi. Abin da kike ba mu faɗuwar gaba ce sau huɗu. Waccan mai takardar zulumi take dafawa a hankali.

Bakatsine: Malam, da girmanka, amma ban yarda duka ba. Wato sai mu zauna shafi 50 muna kallon yarinya tana wanke-wanke don mu saba da ita? Na sha ajiye irin waɗannan littattafan. A yi ta "ta yi ajiyar zuciya", "ta share hawaye", ba abin da ke motsi. Labari tafiya ne. In ba ya tafiya, to wa'azi ne ko hira.

Hajiya Babba: Sannunku yarana. Ni ba marubuciya ba ce, karatu kawai nake yi, jikata ce ma ta sa ni a zauren nan. Amma bari in ba ku wani abu da ya same ni, ku masu ilimin ku auna.

Shekara 18 na yi ina riƙe da adashi a unguwarmu. A lokacin da nake magana mu 15 ne, zubin naira 2,000 duk mako, kwasa ƙarshen wata, dubu 120 ke nan. A lokacin kuɗi ne masu nauyi. Wani daren Lahadi aka buga mini ƙofa, ƙanwata ce naƙuda ta zo mata da gardama, asibiti suka ce sai an yi aiki, kuma sai an ajiye kuɗi. Mijinta yana kudu wajen fatauci, maigidana ba shi da ko rabinsu. Na jawo gwangwanin da nake tara zubi daga ƙarƙashin gado, na ƙirga dubu 70 na miƙa. Ban tsaya shawara da kowa ba. Aka yi aiki, uwa da ɗa suka rayu, alhamdu lillahi.

Sai da gari ya waye na tuna kwasar wa ce ranar Juma'a. Ta aminiyata ce, wadda muka yi amarci shekara ɗaya a layin nan. 'Yarta ta fari za ta aurar, ranar Asabar za a yi jere, kafinta ya riƙe gado da sif yana jiran ciko. Tun wata bakwai baya ta roƙi a sa kwasarta ta faɗo a wannan makon.

Kwanakin nan duk sallamar da aka yi a ƙofar gida sai cikina ya ɗuri ruwa. Ranar Laraba sai ga ta da kanta, ta kawo mini ankon biki. Ta shigo ɗaki ta zauna a bakin gadona, gwangwanin yana ƙarƙashinta, dunduniyarta har tana taɓa shi. Tana ta ba ni labarin kalar labule da yawan kwanukan da ta tara. Da za ta tashi ta dafa ni ta ce, ni dai tunda kuɗina na hannunki barci nake har da munshari. Na yi mata dariya, na raka ta har zaure, na dawo na rufe ɗaki.

An kira magariba, bari in yi sallah.

Bakatsine: Hajiya don Allah, ya aka ƙare ranar Juma'ar?

Uwar Biyu: Innalillahi. Mama ni jikina har rawa yake.

Bakatsine: Hajiya?

Malamin Hausa: Ta tafi sallah, mu ma mu tashi. Amma ɗan'uwa ka lura, ba bindiga, ba guba, ba wanda ya ɗaga murya, ga shi sau biyu kana kira.

Bakatsine: Na dawo. Malam na amsa, labarin ya kama ni. Amma ka duba da kyau, maganata ce ta fito. Akwai abin da ya faru: an ɗauki kuɗi. Akwai kuma ranar da aka yanka. Lahadi, Laraba, Juma'a, kwanaki na ƙarewa. Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya, kuma a nan uwar ɗiyar gaske ce ma a ciki. Da Hajiya ta ce mana kawai ita mace ce mai amana da tausayi, ta yi shafi 10 tana bayani, da ban tambayi komai ba.

Malamin Hausa: Wannan gaskiya ne, kuma ban ce a cire faruwar abu ba. Abin da nake so Malama ta gani shi ne daga ina abin ya fito. A labarinta, masifa daga waje take faɗowa kan mutane kamar ƙanƙara. Za ka iya cire amaryar ka sa wata, ba abin da zai sauya. A na Hajiya, halinta ne ya haifi matsalar. Tausayin da ya sa mata 14 suka ba ta amanar kuɗinsu, shi ne ya sa ta buɗe gwangwanin. Da marowaciya ce da ba ta bayar ba. Da marar kunya ce da ta bayar ta kuma yi barcinta, ranar Juma'a ta ce a yi haƙuri. Sai mai irin wannan hali ce kaɗai za ta shiga wannan ramin. Kuma ba za ka iya cewa ta yi daidai ɗari bisa ɗari ba, kuɗin ba nata ba ne. Ba za ka iya cewa ta yi laifi ba, rai biyu ne a kan gadon asibiti. Mai karatu da aka tsayar a nan ba ya iya tafiya, domin shi kansa ake yi wa shari'a: da ni ne fa?

Zaman nan na bakin gado kuwa ya tuna mini misalin Alfred Hitchcock, mai shirya finafinai ɗan Ingila, a hirarsa da takwaransa ɗan Faransa François Truffaut a 1962. Mutum biyu na hira a teburi, kwatsam bam ya tashi, mai kallo ya razana na 'yan daƙiƙoƙi, shi ke nan. Amma in tun farko an nuna wa mai kallo bam ɗin a ƙarƙashin teburi, aka nuna masa agogo, to hirar da ba ta da wani daɗi ma sai ta zama abin da ba a iya kau da ido, don ji yake kamar ya yi musu ihu su tashi. Hirar labule da kwanuka ba komai ba ce. Sanin abin da ke cikin gwangwanin ne ya sa ta yi nauyi.

Uwar Biyu: Malam a nan ne kaina ya ɗaure. Ni duk tunanina gwaninta ita ce in ɓoye wa mai karatu komai, sai a ƙarshe in buɗe ya sha mamaki. Wasiyyar bogin nan shafi 29 na yi ina ɓoye ta.

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum, ku ba ni wuri in sa baki. 'Yar'uwa, ki tuna tatsuniya. Kakata a Zinder tatsuniyoyinta ba su fi goma ba, kuma kowace mun ji ta ya fi a ƙirga. Mun san yarinyar da ta ce ba ta auren mai tabo dodo za ta aura, tun daga "ga ta nan ga ta nanku" mun sani. Amma duk daren da aka zo inda ya fara mayar da kayan aron da ya yi ado da su ɗaya bayan ɗaya a hanya, sai mun matsa jikin kaka. In rashin sani ne ke kawo tsoro, da tun ji na biyu ya ƙare. Mu mun ga rijiyar, ita ce ba ta gani ba, kuma ba mu da bakin gaya mata.

Wani abu kuma, ba ina haɗa Alƙur'ani da ƙagaggen labari ba, Allah ya tsare, wancan gaskiya ce tsantsa. Amma ku je wajen tafsiri da azumi ranar da aka zo Suratu Yusuf, inda 'yan'uwansa suka shigo wurinsa neman abinci, shi ya gane su, su ba su gane shi ba. Ba wanda bai san ƙarshen ƙissar ba a masallacin, amma za ka ga dattawa na share ido. Mai sauraro ya san abin da 'yan'uwan ba su sani ba, kuma ya daɗe tare da mahaifin da ke jira.

Bakatsine: To amma tsinke labari a tsakiya fa? Shi ma laifi ne? Ai Dare Dubu da Ɗaya kacokan a kan haka aka gina shi, asuba na yi a tsaya, sai gobe.

Ɗan Damagaram: Ba laifi ba ne. Amma ka tuna wuyan wa ke kan wuƙa in asubar ta yi. Labaran aljanu da fatake na ciki suna da daɗi, sai dai abin da ya riƙe dare dubun shi ne mace ɗaya da za a kashe in sarki ya ƙosa. Ko can mutum ne a ƙasan abin.

'Yar Zango: Gaisuwa daga Kumasi. Ni ƙorafina a kan jan rai ne, kuma ina roƙon marubutanmu su ji. Zulumi daban, jan rai daban. Jan rai shi ne a ce "ta buɗe ƙofar, abin da ta gani ya sa ta sume", sai gobe ka biya data ka zo ka tarar kyanwa ce. Sau ɗaya za a yi mini haka in yafe, na biyu na fita. Tun da aka fara littattafan kuɗi abin ya ƙaru, labarin da zai ƙare a shafi 40 sai a ja shi zuwa 150. Hajiya ba ta ja mana rai ba, sallah ta tafi, kuma ta bar mu da tambayar gaske.

Sai matar kawun nan taki, Uwar Biyu. Me ya sa ta tsani yarinyar?

Uwar Biyu: Muguwa ce kawai Anti.

'Yar Zango: To ni ba na tsoronta. Muguwar da aka haifa da mugunta, mai zuwa wajen boka tun shafin farko, na san ƙarshenta, ko hauka ko shanyewar ɓarin jiki. Amma ki ba ni matar da ta shekara 12 tana ciyar da 'yar wani daga kuɗin ƙosanta, ga nata 'ya'yan mata uku ba mai sallama da su, sai ga mai kuɗi ya zo ya tsallake su ya nuna marainiyar. Wannan ina jin tsoronta, domin na san ta, na ma fahimce ta, kuma ban san iyakar inda za ta tsaya ba. Ita kanta ba ta sani ba.

Anti Mai Jinya: Ina bin ku tun ɗazu daga wajen aiki. Ni tambayar da nake yi wa kaina ita ce me ya sa muke neman wannan tashin hankalin da kuɗinmu. Ina aikin dare, ina ganin tashin hankali na gaske, amma in marasa lafiya sun yi barci sai in ɗauko waya in nemi labarin da zai hana zuciyata sakat. Abin da na gano a kaina shi ne, ba wanda ba shi da gwangwaninsa a ƙarƙashin gado. Wata bashi ne mijinta bai sani ba, wani aiki ne ya rasa yana fita kullum da safe kamar yana zuwa, wata sakamakon gwaji ne a jaka ta kasa nuna wa uwarta. Ina ganin irinsu a bakin gadon asibiti, ana tambayar su jiki suna cewa da sauƙi. Ku saurari addu'ar da muka fi yi wa juna: Allah ya rufa asiri. Ba mu cika cewa Allah ya ba ka dukiya ba, rufin asiri muke roƙo. Don haka in na karanta wadda asirinta ke gab da tonuwa, nawa nake ji. Ina bin ta in ga ta ina za ta fita, ko zan samu hanya. In ta fita na yi numfashi, in ba ta fita ba na yi kukan da ban samu damar yi wa kaina ba.

Malamin Hausa: Anti kin taɓo jijiyar. Hausawa na cewa tsoro na daji, kunya na gida. Marubutanmu da yawa suna aro tsoron daji daga finafinan waje, bindiga da tseren motoci, alhali abin da ya fi kashe Bahaushe a tsaye yana tsakar gida. Kuma al'adarmu ta ba marubuci kayan aikin da ba kowa ke da su ba. Muna da mutanen da ba sa iya faɗa wa juna magana kai tsaye: uwa da ɗan fari, suruki da suruka, mace da yayan mijinta. Ga kara, ga kawaici. Wani wuri tauraro zai buɗe baki ya faɗi abin da ke ransa a layi biyu a wuce. A nan uwa za ta ga ɗanta na fari zai faɗa rami, alkunya ta hana ta kiran ko sunansa, sai dai ta aika ƙaninsa da magana a dunƙule. Wannan shirun kaɗai zai riƙe babi uku.

In kun duba tarihin rubutunmu ma za ku ga tafiyar. Littattafan da suka fito daga gasar da Hukumar Fassara ta shirya a 1933 ƙarƙashin Baturen nan Rupert East, galibinsu tauraro ne ke barin gida ya shiga duniya, abin al'ajabi na bin abin al'ajabi. Daga shekarun 1980, da rubutun Kano ya bunƙasa, mata suka shigo da ƙarfi, sai labari ya dawo cikin gida: auren dole, kishi, gado, riƙon maraya. Masu suka sun ce soyayya ce kawai, amma abin da ya sa mata ke karɓar haya suna karantawa a ɓoye shi ne sun ga kansu. Gasar gajerun labarai ta Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ita ma ta koyar da wani abu, domin gajeren labari ba shi da filin sata da guba da gobara a lokaci guda. Dole ki zaɓi mutum ɗaya da kaya ɗaya da ya danne shi.

Hajiya Babba: Na dawo, baƙi ne suka tsare ni bayan sallah. Na ga an yi ta magana, Allah ya ƙara basira. Bari in ƙarasa muku.

Ranar Alhamis na kira dillaliya a ɓoye na nuna mata keken ɗinkina, na ce ta nemo mai saye kafin gobe, kada kowa ya ji. Ta dawo da yamma ta ce dubu 40 aka taya, kuma sai wani mako za a biya. Daren nan ban runtsa ba. Na shirya maganar da zan faɗa ta fi sau 20, kowace in na maimaita sai in ji ba za ta fita daga bakina ba.

Juma'a da sassafe, ko shara ban yi ba, sai ga sallamarta. Na ce shi ke nan. Ta ƙi zama, ta tsaya daga bakin ƙofa ta ce sauri take yi. Ta ce kafinta ya aiko wai ba ya gari sai wani mako, don haka in riƙe mata kuɗin, in ta karɓa yanzu hidimar biki za ta cinye su. Ta juya ta tafi. Na shiga ɗaki na yi sujada, na ce Allah ne ya kawar da kafintan nan.

Asabar muka je jere. Ina shiga ɗakin amarya na ga gado a kafe, ga sif, sababbi fil. Na juya na dube ta tana ta kai da kawo da mata. Kunnenta ba komai. 'Yan kunnen zinarin da ta sayo a Makka, waɗanda ba ta cire su ko a wajen daka, babu su. Dillaliyar nan ita ce mai kai mata kaya ita ma.

Bayan kwana tara mijin ƙanwata ya dawo ya biya, na kai mata kuɗinta cif. Ta karɓa ta ƙirga a gabana kamar yadda aka saba, ta ce Allah ya bar amana. Mun yi shekara 11 bayan nan kafin Allah ya karɓi abarsa. Ba ta taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban taɓa ba.

Anti Mai Jinya: Allah ya jiƙanta, ya sa aljanna ce makomarta. Mama kin sa ni kuka a wajen aiki.

Ɗan Damagaram: Allah ya gafarta mata. Irin waɗannan su ne mutane.

Bakatsine: Amin. Hajiya na koma na sake karanta zaman ranar Laraba. Yanzu tambayar da ke cina ita ce, a ranar ta riga ta sani? Maganar munsharin nan, da zuciya ɗaya ta faɗe ta, ko tana ba ki ƙofa ne ki yi magana?

Hajiya Babba: Ɗana, shekara da shekaru ina wannan tambayar. Dillaliya sai Alhamis na kira ta. Amma unguwa ce, kowa ya san an yi wa ƙanwata aiki, kowa kuma ya san mijinta ba ya gari.

Uwar Biyu: Mama, in kin yarda ina so in rubuta shi. Zan sauya gari da sana'a da komai, ba wanda zai gane. Wancan labarin zan ƙarasa shi a gajarce don waɗanda suka biyo ni, kada in bar su a hanya.

Hajiya Babba: Na yarda 'yata. Sharaɗi ɗaya, kada ki mai da ita mala'ika. Mace ce mai faɗa, mun sha yin sati ba ma magana a kan abin da bai kai ya kawo ba. In kin cire faɗan ba ita ba ce.

Bakatsine: Shawarata ki ba mu ɓangaren aminiyar ma, babi ɗaya nan ɗaya can. Mu ga lokacin da ta ji, mu ga ta cire 'yan kunnen.

'Yar Zango: A'a Yaya, ni ban goyi baya ba. In muka shiga zuciyarta, kunnen nan da ba komai ya rasa ƙarfinsa. Mu tsaya a idon uwar adashin, mu san abin da ta sani kawai. Gwangwanin a nuna mana tun farko, 'yan kunnen a bar mu mu gani tare da ita. Sai dai a ambace su tun a babin farko, a wuce kamar ba komai.

Malamin Hausa: Duka biyun za su yiwu, amma labari biyu ne daban. Malama ce za ta zaɓi wanda za ta iya ɗauka. Ki gwada buɗewar mu gani.

Uwar Biyu: Ga abin da ya zo mini, ku gyara:

"Sau uku Talatu tana ƙirga kuɗin, sau ukun dubu 50 suke ba ta. Ta mayar da murfin gwangwanin, ta tura shi can ƙuryar gado da ƙafa, kamar nisan zai ƙara musu yawa. A tsakar gida yara na rigima a kan ɗumame. Ta ɗaga kai ta dubi kalandar da ke jikin bango, inda ita da kanta ta zagaye Juma'a da jan biro wata bakwai da suka wuce. Sai ta ji an turo ƙyauren zaure, ta kuma ji muryar da ta fi kowace sani a duniya tana faɗa da yaran tun kafin ta yi sallama."

Hajiya Babba: Kalandar nan ki cire ta, ba mu rubuta kwasa a bango, a ka muke riƙewa, kowa ta san wadda take bi. Ki sa ta ƙirga kwanakin da yatsa. Amma faɗa da yara kafin sallama, wannan ita ce sak, har na ji muryarta. Da wane zane ta shigo?

Uwar Biyu: Ban yi tunaninsa ba tukuna Mama.

Hajiya Babba: To ki yi. Ita ba ta fita unguwa da zanen gida ko da nan da ƙofa ne, kuma mayafinta kullum a kafaɗa yake, kunnuwan a waje. Ki turo mini shafin in kin gama, ina nan ban kwanta ba.